Daji ko ofis? Neman shawara kan hanyar zama shugaban babban aikin haƙar ma'adinai

Ƙaramin Injiniya:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema, a yi haƙuri da tsawon rubutu. Na karanta injiniyan kanikanci a Zariya, shekarata huɗu ke nan a wani kamfanin zanen gine-gine a Abuja. Aikin ba laifi, ofis da sanyi, albashi ba ya latti, ƙarfe biyar ina hanyar gida. To yanzu wani ɗan kwangila da zai gina masana'antar tace ma'adini a wani daji ya ba ni gurbin ƙaramin injiniyan fili. Sati shida a daji, sati biyu a gida. Kuɗin ya ɗara nawa kaɗan, amma aikin na shekara biyu ne, ran da aka gama gini an gama da ni. Burina, ko da za ku yi dariya, in zama irin mutanen nan da ake damƙa wa aikin dala biliyan a ce je ka gina mana mahaƙa tun daga tushe. Wace hanya ke kai mutum can? In tafi dajin, ko in zauna in ƙaro digiri a fannin gudanarwa? Kuma an sa ranar aurena bayan babbar salla, wannan ma yana cikin lissafi.

Ɗan Gardama:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, zauna inda Allah ya ajiye ka. Kujerar da kake hange da fasfo ake hawanta, ba da wahala ba. Za ka je ka sha rana shekara biyu, a gama a miƙa maka takardar yabo, Baturen da ya zo jiya ya hau jirgi ya wuce aiki na gaba. Nuna mini mutum ɗaya daga cikinmu da aka taɓa ba irin wannan aiki.

Baba Mai Ritaya:
Ɗana, ba mai yi maka dariya. Shekara talatin da 'yan kai na yi a wannan harka, daga siminti zuwa fasa dutse zuwa harhaɗa injinan tace ma'adini. Ban hau kujerar da kake faɗa ba, amma na daɗe a gindinta, na ga masu hawa na ga masu faɗowa.

Ban taɓa ganin shugaban aiki na ƙwarai da bai sha ƙurar fili ba, kuma ga dalili. Wanda ke kan wannan kujera ba ya ɗaure rodi, ba ya walda. Takarda yake karantawa. Kowace Litinin ana ajiye masa rahoto, kuma duk wanda ya sa hannu a rahoton nan yana da dalilin zuba masa suga. Ɗan kwangila na son a biya shi, manajan sashe ba ya son a ce nasa ne a baya. To in ba ka taɓa tsayawa a fili ba, za a rubuto maka "an gama kashi 90" ka yi murna ka kai wa masu kuɗi. Wanda ya taɓa yi kuwa ya san ginin ƙarfe da ya tashi sama ana gani daga nesa shi ne mai sauƙi. Jan waya, haɗa na'urorin awo, gwada bututu ɗaya bayan ɗaya a ga inda yake yoyo, nan kwanaki suke tafiya, kuma ba sa fitowa a hoto.

Bari in ba ka abin da ya same ni. Muna gina wa wani kamfani wurin farfasa dutse. Zanen ƙarshe na injin bai iso daga masu ƙera shi ba, amma shugabanmu yana son masu kamfani su zo su ga kankare a ƙasa kafin damina. Ya ce a zuba da tsohon zane. Ni ne ƙarami a wurin, na ga lambar da ke kusurwar takardar ta nuna ba na ƙarshe ba ne, na yi shiru saboda kada a ce yaro ya cika iyayi. Muka zuba, ya bushe, masu kamfani suka zo aka yi hoto aka yanka rago. Da injin ya iso aka ɗaga shi sama za a zaunar, sai ga ramukan ƙafarsa sun kauce wa ƙusoshin da muka binne a kankare da kamar faɗin yatsa uku. Yatsa uku fa. Har yau ina jin shirun da wurin ya yi, injin na lilo a sama, direban na leƙowa yana jiran a ce masa sauke ko mayar. Sati uku muna fasa abin da muka gina, injin ɗaga kayan da aka yi haya yana zaune ana biyan kuɗinsa kullum. Babu digirin da zai koya maka wannan. Ka tafi dajin.

Hajiyar Lissafi:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, na yarda da rabin maganarka. Ni aikina ƙiyasin kuɗi da bin diddigin kashe su, kuma abin da na gani shi ne yawancin manyan ayyuka tun kafin tifa ta farko ta shiga fili suke lalacewa. A ofis ake kashe su. Saboda haka kada yaron nan ya ɗauka ofis ba komai ba ne.

Ƙanena, ka san yadda ake haihuwar mahaƙa? Matakai ne. Da farko nazarin share fage, inda kuskuren ƙiyasi kan iya kai kashi 30 zuwa 50 sama ko ƙasa. Sai nazari na tsakiya, a zaɓi hanya ɗaya cikin hanyoyi: rami a buɗe ko a ƙarƙashin ƙasa, wuta daga layin gwamnati ko janareta, ruwa daga ina. Sai cikakken nazari, wanda ake so kuskurensa ya sauko kamar kashi 10 zuwa 15, shi ake kai wa banki. Bayan nan ne hukumar kamfani za ta zauna ta ce a kashe kuɗin. Daga ranar nan alƙalami ya bushe. Gyaran da zai ci maka awa biyu a kan takarda, in an zuba kankare zai ci maka abin da Baba ya ba da labari.

Inda ake gane namijin shugaba shi ne wannan zaman. Masu kamfani na son adadi ƙarami don aikin ya wuce. Sai a fara yi wa kuɗin ko-ta-kwana aski, a ce damina ba za ta tsayar da aiki ba, a ce kwastan za su saki kaya cikin sati. Kowa a ɗakin ya san ba haka ba ne. Wanda zai iya buɗe baki ya ce wannan adadin ba zan sa masa hannu ba, alhali ya san ana iya kawo wani ya sa, shi ne shugaban aiki. Saura masu riƙon kujera ne.

Ƙaramin Injiniya:
Na gode Baba, na gode Hajiya. Amma manyan kamfanonin duniya fa? Su da ke da ƙwararru ta ko'ina, ai ba za su faɗa wannan ramin ba.

Hajiyar Lissafi:
Su ne ma suka fi faɗawa da ƙarfi. Duba Oyu Tolgoi, mahaƙar jan ƙarfe da zinare a hamadar Gobi ta ƙasar Mongoliya, wadda Rio Tinto ke gudanarwa, gwamnatin ƙasar na da kashi 34. A 2016 aka amince a haƙa sashen ƙarƙashin ƙasa a kan dala biliyan 5.3. A 2019 kamfanin ya fito ya ce za a makara, kuɗi kuma zai ƙaru, ya ɗora laifin a kan yanayin dutsen da aka tarar. Aka sa masu bincike masu zaman kansu, a 2021 rahotonsu ya ce babbar matsalar ta tafiyar da aiki ce, ba ta dutse ba. Kamfanin bai yarda da wannan ba. Ko ma dai wa ke da gaskiya, kuɗi ya haura dala biliyan 7, kuma sai a watan Maris na 2023 aka fara fitar da ma'adini daga ƙarƙashin. Wannan fa Rio Tinto ne, ba ɗan kwangilar ƙaramar hukuma ba.

Malamar Duwatsu:
Ku bar ni in kare dutse, tun da an ambace shi. Ku injiniyoyi kuna da wata ɗabi'a, kun ɗauka mahaƙa masana'anta ce da aka yi sa'a akwai dutse kusa da ita. Gada in ta yi tsada kana iya sake zane. Dutse ba ya sake zane. Abin da Allah ya zuba a wurin shi ne, kuma mu ma ba ganinsa muke yi ba, rami muke hudawa nan da can kamar kaurin hannu, mu zaro samfuri, mu ƙiyasta abin da ke tsakani. Duk ginin dala biliyan a kan waɗannan samfuran yake zaune.

Shi ya sa duk mai son wannan kujera dole ya iya karanta rahoton ma'adini ko da ba fanninsa ba ne. A 1997 asirin kamfanin Bre-X na Kanada ya tonu. Sun ce sun gano zinare mai yawan gaske a Busang ta Indunusiya, ashe barbaɗa garin zinare ake yi a cikin samfurin kafin a kai ɗakin gwaji. Dukiyar mutane ta narke. Bayan wannan ne Kanada ta kafa ƙa'idar NI 43-101, wadda ta wajabta wani ƙwararre ya sa sunansa a kan duk adadin da aka bayyana. Ostareliya na da tata, JORC. Ƙanena, in ka je dajin, ka nemi ɗakin da ake jera samfuran dutse a akwatuna, ka yi abota da mai tsaronsa. Tambaye shi ko an gwada dutsen ƙasa-ƙasa a injin niƙa, ko na sama mai laushi kawai aka gwada. Na ga injin da aka sayo daidai da dutsen sama, aka ci shekara biyu aka iso mai tauri, ya koma niƙa rabin abin da aka yi alkawari.

Ɗan Arlit:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Ni a Arlit na tashi, mahaifina a mahaƙar yuraniyom ta Akokan ya yi aiki har ya bari, ni kuma na yi lakwal, wato makarantar ma'adinai ta EMIG a Yamai. Duk abin da kuka faɗa gaskiya ne, amma akwai wanda ba ku taɓo ba, wanda ya fi ƙarfin injiniya da mai lissafi da mai duwatsu gaba ɗaya: farashi.

Imouraren tana kudu da Arlit kamar kilomita 80. Tun 1966 aka san akwai yuraniyom a wurin. A 2007 farashi ya yi tashin da ba a taɓa gani ba, ya wuce dala 130 kowace laba. Janairun 2009 aka sa hannu da kamfanin Faransa Areva, a watan Mayu shugaba Tandja ya je ya aza tubali. Maganar tan 5,000 a shekara ake yi, wadda za ta sa ta cikin mafi girma a duniya. Ku zo ku ga Arlit da Agadas a lokacin. Kamyo bayan kamyo a hanyar Tawa, samari sun baro Damagaram da Maraɗi, kowa na cewa shantiye, shantiye, wato filin aiki. Masu gidan haya suka ƙara ɗakuna. Wani abokina ya ci bashi ya sayi motoci biyu don jigilar ma'aikata.

Satumbar 2010 aka sace ma'aikata bakwai a Arlit. Maris 2011 girgizar ƙasa ta jawo hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan, ƙasashe suka fara ja da baya daga wutar nukiliya, farashi ya yi ta gangarowa. Mayun 2013 aka kai harin mota mai bam a mahaƙar SOMAIR ta Arlit. A 2014 gwamnati da kamfani suka amince a jingine aikin har farashi ya gyaru. An riga an kwashe ƙasa mai yawa daga saman ramin, an kawo manyan motoci, sai aka ce kowa ya koma gida. COMINAK, mahaƙar Akokan, ma ta rufe ƙarshen Maris 2021 bayan fiye da shekara arba'in tana aiki. A Yunin 2024 gwamnatin soja ta karɓe lasisin Imouraren daga Orano, wato sabon sunan Areva. To ku gaya mini, injiniyan da aka ba wannan aiki, ina laifinsa? Ko da ya fi kowa iya zuba kankare a duniya, girgizar ƙasa a Japan ta kashe masa aiki a Ayar, yankinmu na Agadas.

Ɗan Gardama:
Yawwa! Allah ya yi maka albarka Ɗan Arlit. Ka ji abin da nake faɗa. Iyawa ba ta da wani tasiri, siyasa ce da sa'a. Mu ma ga masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta nan. 1979 aka ba Rashawa kwangila, aka ce ya kai kashi 98 tun 1994, har yau babbar tukunyar narka tama ba a taɓa kunna ta ba. Aka ba wani kamfanin Indiya, aka ƙwace a 2008, aka je kotun sulhu, a 2022 Najeriya ta amince ta biya dala miliyan 496 don a rabu lafiya. Injiniyoyi nawa suka shiga wurin da baƙin gashi suka fito da furfura ba su ga narkakken ƙarfe ba? Shi ne za ku tura yaro daji.

Baba Mai Ritaya:
Ɗan Gardama, ka kawo hujjar da za ta kayar da kai. Ka ga kashi 98 ɗin nan? Ita ce kashi 90 da na gaya wa yaron nan ɗazu, ta girma ta yi gemu.

Siyasa ta yi wa Ajaokuta illa, ba mai musu. Amma akwai darasin tsara aiki a ciki wanda duk mai son shugabanci ya kamata ya haddace. Tukunyar narka tama ba risho ba ce da za ka kunna da safe ka kashe da dare. In ka hura ta, shekaru take yi ba a kashe ta, kuma kullum sai an ɗura mata tama da gawayin kwal na musamman da farar ƙasa, ba fashi. In abinci ya yanke ƙarfe ya daskare a cikinta, ka yi asarar tukunya. To tamar daga Itakpe za ta zo, kuma ƙarfen da ke cikinta bai kai kashi 40 ba, sai an niƙa an tace kafin ta yi amfani. Kwal ɗin Inugu bai dace da wannan aikin shi kaɗai ba, sai an shigo da wani daga waje, an hauro da shi daga teku. Layin dogon da ya haɗa Itakpe da Ajaokuta da Warri a 1987 aka fara shi, sai a Satumbar 2020 aka ƙaddamar. Ka ga ko da masana'antar ta cika kashi 100, wane mai hankali zai ƙyasta mata ashana? An sayi doki an yi masa kayan ado, ba a tanadi ingirici ba.

Kwatanta da Simandou a Gini. Tama ce mai kyan gaske, ƙarfen cikinta ya kai wajen kashi 65. Rio Tinto ya samu izinin bincike tun 1997, aka yi ta rikici, a 2008 gwamnatin Lansana Conté ta ƙwace rabi. Amma abin da ya riƙe aikin shekara da shekaru bai wuce wannan ba: dutsen yana can ƙuryar kudu maso gabas, teku tana yamma. Haƙar ita ce ƙaramin aiki. Sai da aka haɗu da kamfanonin Sin da gwamnati aka shimfiɗa dogo fiye da kilomita 600 aka gina sabuwar tashar jirgin ruwa, sannan maganar ta zama gaske. Shugaban irin wannan aiki rabin ransa yana kan gada da ramin dutse da filayen mutanen ƙauye da dogo zai ratsa.

Ɗan Arlit kuma, ɗana, gaskiyarka, farashi ba a hannun injiniya yake ba. Amma akwai abin da ke hannunsa. Tun a nazari yana iya tambaya: in farashi ya faɗi rabi, aikin nan zai rayu? Za a iya gina shi kashi-kashi, a fara da ƙarami? Kuma in ranar tsayawa ta zo, tsayar da babban aiki ba tare da an bar injina sun ruɓe ba, an sallami mutane da haƙƙinsu, shi ma gwaninta ce, kuma ba kowa ke da ita ba.

Ɗan Arlit:
Baba, na karɓa. Sai dai wanda ya ci bashin mota ba ya cikin nazarin kowa.

Baba Mai Ritaya:
Wallahi haka ne. Ba ni da amsar wannan.

Ɗan Zangon Obuasi:
Gaisuwa daga Gana. Ɗan Gardama ya ce a nuna masa mutum ɗaya. Ba Bahaushe ba ne, amma baƙar fata ne ɗan Afirka ta Yamma, kuma a garinmu ya tashi: Sam Jonah. A ƙarƙashin ƙasa ya fara a mahaƙar zinare ta Obuasi, aikin ƙarfi kamar kowa. Daga nan ya samu tallafi ya je makarantar ma'adinai ta Camborne a Ingila, ya dawo ya ci gaba da hawa mataki-mataki. A 1986 ya zama shugaban Ashanti Goldfields bai kai shekara arba'in ba. A hannunsa kamfanin ya faɗaɗa zuwa wasu ƙasashen Afirka, a 1996 aka sa shi a kasuwar hannun jari ta New York. Tsofaffinmu na zango da suka yi lebura a ramin suna ba da labarinsa har gobe.

Kuma don a yi adalci, abin da ya kusa kayar da kamfanin ba rami ba ne. A 1999 sun riga sun ƙulla cinikin zinarensu na gaba da bankuna don tsoron faɗuwar farashi, sai farashi ya yi tsalle sama, bankuna suka taso neman kuɗin da babu. Da ƙyar aka tsira, a 2004 aka haɗe da kamfanin AngloGold. Saboda haka Hajiya ma ta yi gaskiya, wanda ya san rami bai san kuɗi ba akwai ranar da za ta zo masa.

Ɗan Gardama:
Mutum ɗaya cikin shekara arba'in. Na gode da ka taimaka mini.

Malamar Duwatsu:
Kai dai ba a iya maka. To ga na gida: Segilola a jihar Osun, kusa da Ilesha. Kamfanin Thor Explorations, wanda ɗan Najeriya Segun Lawson ke shugabanta, ya gina ta da kuɗin Africa Finance Corporation, aka narka zinaren farko a 2021. Ba aikin biliyan ba ne, amma mahaƙa ce ta zamani da aka fara aka gama a ƙasar nan, a tsakiyar annobar korona. Yaran da suka yi aikin gininta yanzu suna da abin rubutawa a takardarsu wanda mai zaman ofis ba shi da shi. Dalilin da ya sa ba ka ganin namu a manyan kujeru shi ne tun da kasuwar kuza ta rushe a 1985 Jos ta yi sanyi, man fetur kuma ya ɗauke hankalin kowa, ba a gina manyan mahaƙu a nan ba balle a koya. Ba a koyon iyo a tudu.

Bazamfare:
Ina bin ku tun ɗazu ban ce komai ba. Kuna ta biliyan biliyan. Mu abin da muka sani da haƙar zinare shi ne 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa dutse a tsakar gida inda ake shanya hatsi. In yaron nan zai zama babba, ya zama wanda ya san akwai mutane a gefen ramin.

Baba Mai Ritaya:
Maganarka ta fi ta kowa nauyi. Kuma kada a ɗauka masu turmi da taɓarya ne kaɗai ke kisa. Janairun 2019 madatsar dagwalon ma'adinai ta kamfanin Vale ta fashe a Brumadinho ta Brazil, mutum 270 suka rasu, da yawansu ma'aikata ne suna cin abincin rana a kantin da ke ƙasan madatsar. Wani ne ya zana wurin cin abincin nan a wurin, wani ya sa hannu. A 2020 Rio Tinto ya fasa kogunan dutse na Juukan a Ostareliya, inda mutanen asalin ƙasar suka zauna tun shekara 46,000, kuma da izinin hukuma a hannunsu. Duk da haka sai da shugaban kamfanin, Jean-Sébastien Jacques, ya bar kujerarsa.

Ɗana, madatsar dagwalo ita ce sashen da ba ya kawo ko kwabo, shi ya sa in an zo rage kuɗi ita ake fara kallo. In Allah ya kai ka, ka tuna da Bazamfare.

Hajiyar Lissafi:
To mu dawo kan yaro, kada ya tashi da tsoro kawai. Ƙanena, ni ma na ce ka tafi, amma kada ka tafi ido rufe. Kira su ka yi tambaya uku. Kuɗin aikin ya kammala, ko ana gini ana neman sauran? An gama cikakken nazari, ko ana zane ana zuba kankare? Na uku, wanda ya fi muhimmanci gare ka: za su bar ka har lokacin tayar da injina, ko da an gama gini za a sallame ka? Watannin nan na tayarwa, lokacin da ake sa dutse na farko komai yana toshewa ana kwana a tsaye, sun fi shekara biyar na ofis. Daga cikin waɗanda suka tsaya a lokacin ne masu mahaƙa kan zaɓi wanda za su riƙe, kuma ta ɓangaren masu mahaƙa ake hawa kujerar da kake so, ba ta ɓangaren ɗan kwangila ba.

Ka tabbata rajistarka ta COREN, hukumar kula da injiniyoyi, ta kammala kafin ka shiga daji. Ka koyi Primavera, manhajar tsara jadawalin aiki, ka zauna kusa da mai tsara jadawalin aiki ko da shayi za ka riƙa kai masa. Digirin gudanarwa ba gudu yake ba, bayan shekara bakwai ko takwas zai fi yi maka amfani, lokacin kana da abin da za ka auna karatun da shi.

Sannan maganar da mazan nan suka tsallake. Sati shida a daji, amarya sabuwa. Ka gaya mata da bakinka yanzu, ka gaya wa iyayenta, kada ta ji a bakin dangin miji bayan an kai ta. Kuma sati shidan nan na takarda ne, in aiki ya ɗau zafi yakan zama tara.

Baba Mai Ritaya:
Hajiya ta taɓa inda yake mini ciwo. Sunan 'yata ta biyu ta wayar oba-oba na ji shi.

Ƙaramin Injiniya:
Allah ya saka wa kowa da alheri, har da Yaya Ɗan Gardama. Na kira su yau da rana. Kuɗi sun ce ya kammala, har sun faɗi bankin. Nazari sun ce an gama, amma zanen sashen niƙa yana hanya. Maganar tsayawa har tayar da injina kuwa, manajan ya ce "za mu duba". Ita kuma wadda za a aura na gaya mata, ta ce sai ta yi shawara da Umma.

Baba Mai Ritaya:
"Za mu duba" ba amsa ba ce, ka sa su rubuta a takardar ɗaukar aiki. Zanen da ke hanya kuma, ran da ka isa ka duba lambar da ke kusurwarsa kafin kowa ya kira motar kankare.

Ɗan Gardama:
Ni dai ina nan. In ka dawo bayan shekara biyu ka same ni a wannan zauren, kuma kada ka saki ɗakinka na Abuja, haya ta ƙara tsada.